Murhu Mai Baki Biyu: Me Ke Sa Hayaƙi Dawowa Ɗaki, Kuma Yaya Ake Gyarawa?

Hunturu ya kankama, kuma tun da sanyi ya sauka ƙorafin hayaƙi ya yi yawa a wurin sauraron koke-koke. Wata ta zo da jariri yana tari, idanunsa sun yi ja. Wani ya zo da fushi, ya ce maƙwabcinsa ne ke turo masa hayaƙi da gangan. Da aka je aka duba, babu wanda ke turo wa wani komai. Ginin murhun ne da matsala.

Tun 2019 da jama'a suka fara tsallakowa jihar Maradi daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, kowa ya san tsadar itace a nan. Shi ya sa wasu da suka samu ɗakin ƙasa suka yi dabara. Sun gina murhu ɗaya a jikin bangon da ya raba ɗaki biyu, ko bangon da ya raba ɗaki da tsakar gida. Baki ɗaya yana wannan gefe, ɗayan yana wancan, bututun hayaƙi ɗaya a sama. Dabarar tana da kyau, domin wuta ɗaya tana dafa tuwo kuma tana ɗumama ɗaki biyu. Idan itacen da ake ƙonawa ya ragu, zuwa daji ma ya ragu, kuma duk mun san abin da mata da 'yan mata ke gamuwa da shi a hanyar itace. Sai dai irin wannan murhu ya fi kowanne saurin mayar da hayaƙi cikin ɗaki. Ruwa ba ya tsami banza, akwai dalilansa, kuma yawancinsu ana gyara su da laka da guntun kwano.

Kada a ɗauki hayaƙi a matsayin abin da aka saba da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Ciwon huhu shi ne babbar hanyar da yake kashe yara. Yaron da ke goye a bayan uwarsa tana tuƙa tuwo, duk abin da ta shaƙa shi ma ya shaƙa, ga shi numfashinsa ya fi nata sauri, huhunsa kuma bai yi ƙwari ba.

Yadda bututu ke jan hayaƙi

Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, don haka sama take yi. Idan hayaƙi mai zafi ya cika bututu, sai ya hau, kuma yayin da yake hawa yana jawo sabuwar iska ta bakin murhu ta maye gurbinsa. Wannan jan shi ne ƙarfin murhu baki ɗaya. Abu uku ke ƙara shi: zafin hayaƙin, tsawon bututun, da faɗin hanyar da zai bi. Duk abin da ya sanyaya hayaƙi, ko ya gajarta bututu, ko ya toshe hanya, ya rage jan.

To, bututu kamar maƙogwaro ne, akwai iyakar abin da zai iya haɗiyewa a lokaci guda. Bakin murhu ba itace kawai yake karɓa ba, yana zuƙar iskar ɗaki mai sanyi. Idan bakin ya yi girma, iskar da ke shiga ta fi ƙarfin bututun, kuma tana sanyaya hayaƙin tun kafin ya fara hawa. Ragowar da bututu ya kasa ɗauka sai ta lallaɓo ta saman bakin murhu ta shigo ɗaki. Ku duba bangonku. Idan akwai baƙin tabo a saman bakin murhu kamar harshe, to wannan ce matsalarku.

Murhu mai baki biyu yana zuƙar ninki biyu na wannan iska, amma bututunsa ɗaya ne. Yawancin masu gini suna sa bututu daidai da wanda suka saba sa wa murhu mai baki ɗaya. A nan kuskuren farko yake.

Wannan ba matsalarmu ce mu kaɗai ba. A ƙasashen sanyi, inda ake gina wurin hura wuta a jikin bangon ɗaki don jin ɗumi, sun daɗe suna fama da ita. A wajajen 1796 wani mutum da ake kira Rumford ya yi suna a birnin Landan da gyaran irin waɗannan murahu masu hayaƙi, kuma babbar dabararsa ita ce rage girman wurin wutar da tsuke maƙogwaron da ke kai wa bututu. Magina a can suna da wani ma'auni da suke bi har yau: faɗin ramin bututu ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗin bakin murhu. Idan baki biyu ne, sai a haɗa su duka a lissafa.

Ga misali. Bakin da ke da santimita 30 a tsaye da 30 a kwance, idan aka ninka ya ba da 900. Baki biyu ya zama 1,800. Kashi ɗaya cikin goma shi ne 180. Bututu zagayayye mai faɗin santimita 15 ramin cikinsa kusan 177 ne, ya yi daidai ke nan. Amma bututu mai faɗin santimita 10, irin wanda aka fi samu wurin maƙera, bai wuce 79 ba. Ko baki ɗaya bai ishe shi sosai ba, balle biyu. Ƙari a kan haka, an yi wancan ma'auni ne don gidaje masu dogon bututu. Namu gajeru ne, jansu bai kai nasu ba, don haka gara bakinmu ya fi abin da lissafin ya ce ƙanƙanta. Wanda ba shi da abin awo, ɗani ɗaya na babban mutum kusan santimita 20 ne, kamu ɗaya kuma kusan 45.

Iskar da ke ratsawa

Matsala ta biyu ita ce ta fi jawo faɗa tsakanin maƙwabta, kuma murhu mai baki biyu kaɗai ke da ita. Baki biyu da ke kallon juna hanya ce a buɗe. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa. Ɗakin da ƙofarsa ke fuskantar iskar, iska tana cusa kai cikinsa. Ɗakin da ke baya kuwa, iskar da ke wucewa ta gefensa tana zuƙe ta cikinsa. Tun da akwai kafa tsakanin ɗakunan biyu, sai iska ta shiga ta wannan baki ta fita ta wancan, ta kwashi hayaƙin a kwance ta kai wa na baya. Hayaƙi ba shi da ruwa da zumunci, hanya mafi sauƙi yake bi, kuma fita ta ɗaya bakin ya fi masa sauƙi a kan hawa bututu.

Shi ya sa za ku ga ɗaki ɗaya ne kullum yake shan wahala, ɗayan kuma lafiya lau. Wata dattijuwa ta ce mini, "Ɗan nan, ita ke girki, ni ke hawaye." Na ce, "Inna, bari damina ta zo iska ta juya, ita ma za ta ɗanɗana." Mun yi dariya, amma maganar gaskiya ce. Da damina iska daga kudu maso yamma take zuwa, sai wahalar ta koma ɗaya gefen. Ko buɗe ƙofa da ƙarfi a ɗaki ɗaya yana iya tura hayaƙi zuwa ɗayan.

Kafin ku fasa komai, ku gwada

Na ga waɗanda suka rushe murhu gaba ɗaya alhali gyaran rabin yini ne ya rage. Ku fara da gwaji, da rana, yara suna waje.

Ku hura wuta kamar yadda kuka saba, ku bari ta kama sosai. Ku kunna turaren tsinke ko siririn kara, ku riƙe shi a saman bakin murhu, ku kalli inda hayaƙinsa ke bi. Idan yana shigewa ciki, murhun yana ja. Idan yana tsaye cak ko yana karkatowa wajenku, ba ya ja. Ku yi haka a kowane baki.

Sannan ku rufe baki ɗaya da guntun kwano ko faifan ƙarfe, ku sake dubawa. Idan hayaƙi ya daina fitowa nan take, kun gano bakin zaren: ko dai bakunan sun fi ƙarfin bututun, ko iska ce ke ratsawa, ko duka biyun. Idan bai daina ba, ku ɗan buɗe ƙofar ɗakin kamar faɗin tafin hannu. In ya gyaru, ɗakin ne ba ya samun iska. In har yanzu bai gyaru ba, sai a koma kan bututun kansa, ko ya toshe, ko ya yi gajarta, ko itacen ne ɗanye.

Gyaran baki

Gyara mafi sauƙi kuma mafi inganci shi ne marfi. A samu kwano mai kauri a yanka ya fi bakin girma kaɗan, a yi masa mariƙi na waya ko na ice a waje. Duk lokacin da ake girki ta gefe ɗaya, ɗaya gefen ya kasance a rufe. Kwanon yana ɗaukar zafi ya bai wa ɗakin ɗumi ba tare da hayaƙi ba, don haka mai ɗakin bai yi asarar komai ba. Amma a kula, kwanon yana ƙuna ƙwarai, a kare shi daga yaro mai rarrafe, ko da da tubali biyu ne a gabansa. Kada a rufe da kwali, buhu ko tsumma.

Idan dole sai an yi amfani da bakunan biyu a lokaci guda, a rage tsayinsu. Ana rage baki daga sama, domin ta sama hayaƙi ke tserewa. Ku riƙe guntun kwano a saman bakin, ku riƙa saukar da shi yatsa-yatsa har ku ga hayaƙi ya daina fitowa. Ku yi alama da gawayi a wurin, ku ƙara yatsa biyu don ranar iska. Idan murhu ya huce, sai a cike daga sama zuwa alamar da laka. A murhun girki ba a bukatar babban baki ko kaɗan. Wanda zai ɗauki itace uku ko huɗu masu kaurin hannu, da ɗan wurin shigar iska a ƙarƙashinsu, ya wadatar. Masu son cusa kututture guda su yi haƙuri su faskara.

Ga gida biyu da kowa ke da tukunyarsa da lokacin girkinsa, ni a ganina gara a raba cikin murhun. A gina siririn bango na laka a tsakiya, daga ƙasa har ya shige cikin maƙogwaron bututu. Wannan yana yanke hanyar iska mai ratsawa. Idan bangon ya tsaya a rabi, hayaƙi zai haye ta kansa ya faɗa ɗaya gefen, musamman idan gefen babu wuta. Mafi kyau duka shi ne kowane gefe ya samu bututunsa, in da hali. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu magana, kuma kuɗin bututu na biyu bai kai ɓacin ran shekara guda ba.

Lakar gyara a haɗa ta da yashi da ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa, wasu suna ƙara kashin shanu ko na jaki. A cuɗa sosai, a bar ta ta kwana. Yumɓu zalla yana tsagewa da zarar ya ji wuta. Bayan an gina, a bar shi ya bushe kwanaki kafin a hura, kuma wutar farko ta zama ƙarama. A duba wurin zaman tukunya ma. Idan akwai kafa tsakanin tukunya da laka, hayaƙi ta nan zai fito. A shafe gefen da ɗanyar laka, a ɗora tukunyar da ake amfani da ita kullum a juya ta har ta zauna daram, sannan a ɗauke. Ramin tukunyar da ba a amfani da shi a rufe shi da murfi.

Bututu

Bututu ya wuce ƙololuwar rufi da aƙalla santimita 60, wato kamu ɗaya da ɗan ƙari. Haka kuma ya ɗara duk wani bango ko rufi da ke kusa da shi, cikin tazarar mita 3. Dalili shi ne, idan iska ta bugi abu mai tsawo sai ta murɗa ta gangaro ƙasa, ta danna hayaƙin cikin bututu. Wanda murhunsa ke aiki lafiya da asuba amma yana feso hayaƙi da hantsi idan iska ta tashi, yawanci tsawo ne bututunsa ya rasa. Ƙarin kamu ɗaya yakan kashe maganar. A ɗaure ƙarin da waya ta ɓangare uku, domin guguwar farkon damina ba ta da wasa.

Ya miƙe tsaye iyakar iyawa. Kowace kwana tana rage ja. Idan dole ya fita ta bango, a karkata shi sama, kada a kwantar da shi. Bututun da ya fita ta bango ya tsaya nan a kwance yana kallon gabas, wannan ƙofa ce aka buɗe wa iska.

A sa masa hula ta kwano don ruwan sama da iska, amma a ɗaga ta. Tazarar da ke tsakanin hula da bakin bututu ta kai kusan faɗin bututun. Na ga inda aka kifa gwangwani aka huda masa 'yan ƙofofi da ƙusa. Wannan toshewa ce kawai.

Kada kuma a ce tun da ƙarami matsala ne bari a yi ƙato. Bututun da ya yi faɗi da yawa hayaƙi yana yin sanyi a ciki, ya rasa ƙarfin hawa, kuma zafin da ya kamata ya dafa abinci sai ya gudu sama, itace ya ƙare a banza.

Kunkunniya tana taruwa da sauri, musamman ga masu ƙona kara da ɗanyen itace. Bututun da aka sa mai faɗin ɗani, bayan 'yan watanni sai ka ga ramin ya koma rabi. A share shi duk mako biyu, idan murhu ya huce. A ɗaura tsumma ko damin ciyawa a dogon sanda a goge, ko a ɗaura dutse a igiya tare da tsumma a saukar daga sama. A toshe bakunan biyu kafin a fara, in ba haka ba maƙwabciya za ta tarar da baƙin gari a kan shimfiɗarta. Baƙin abu mai danƙo da ke manne a ciki yana iya kama wuta, kuma gobarar bututu a ƙarƙashin jinka ba a cika kashe ta da wuri ba. Bututun da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba a leƙa shi, tsuntsaye da zanzaro suna gida a ciki.

Inda bututun ƙarfe ya ratsa rufi, kada ya taɓa ciyawa, azara, zana ko tamfol. A bar tazarar aƙalla kamu ɗaya ta kowane gefe, a cike wurin da faifan kwano. Wanda har yanzu yake cikin tanti ko rumfar leda, kada ya gina murhu a ciki sam. Ya yi girki a waje, a bayan ɗan katanga mai kare iska, nesa da tantin. Ƙananan murahun da aka sani a nan Nijar, irin Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka, suna rage cin itace, amma ba su da bututu, don haka wurinsu waje ne ko rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Kada a yi bututu da roba, ko da gwangwanin da aka zuba maganin ƙwari ko fenti.

Hayaƙin farkon hurawa

Mutane da yawa sun ce murhunsu da asuba kawai yake hayaƙi, idan wuta ta kama sai ya daina. Wannan ba lalacewa ba ce. Cikin dare bututu ya cika da iska mai sanyi mai nauyi, ta zauna kamar toshi. Hayaƙin farko ba shi da zafin da zai ture ta, sai ya juyo. Kafin ku hura, ku murɗa busasshiyar ciyawa ko takarda, ku kunna, ku riƙe ta a ciki daidai ƙasan bututu na ɗan lokaci. Za ku ga harshen wutar ya miƙe sama. To, hanya ta buɗe. Sai ku fara da kirare busassu, ku riƙa ƙara manya a hankali. A wannan lokaci ɗaya bakin ya kasance a rufe. Kada a yi amfani da fetur wajen hura wuta, ko ɗigo ɗaya.

Ɗakin da aka toshe

Idan sanyi ya yi tsanani, kowa yana cusa tsumma a taga, ya sauke labule mai kauri, ya toshe ƙasan ƙofa. Ba laifi ba ne, yara na jin sanyi. Amma murhu ba zai fitar da iska ta sama ba sai wata ta shigo ta ƙasa. Ku gwada zuƙar ruwa daga jarkar da aka rufe ruf, za ku ga ba ya zuwa. A ɗakin da aka toshe, murhu sai ya nemi iska ta ɗaya bakin, ko ma ta bututun kansa, ya jawo hayaƙi ƙasa.

A huda ƙaramar kafa a ƙasan bango kusa da murhu, kamar faɗin tafin hannu, a sa mata raga ko waya saboda ɓera da maciji. Kasancewarta kusa da murhu yana nufin iskar sanyi za ta tafi wuta kai tsaye, ba za ta bi ta kan masu barci ba. A bar wata kafa a sama, ƙarƙashin rufi, a gefen da iska ba ta bugawa, don ragowar hayaƙi ya fita. Waɗannan kafofi biyu ba a toshe su, komai sanyi.

Abin da ake ƙonawa

Itacen da aka saro yanzu kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wuta sai ta fara tafasa wannan ruwa kafin ta ci itacen, shi ya sa ba ta zafi sai farin hayaƙi mai yaji. Alamarsa ita ce kumfa da tsuwwa a ƙarshen itacen. Na san ba kowa ke da zaɓi ba, abin da aka samo yau shi ake dafawa yau. Amma faskarawa ƙanana da shanyawa a rana, ko jera na gobe a gefen murhu, ba a kansa ba, yana taimakawa ƙwarai. Kara da kashin shanu a sa su kaɗan-kaɗan, idan aka cusa da yawa wuta tana shaƙewa. A kwashe toka kullum, a ɗora kan itacen a kan ɗan dutse ko guntun ƙarfe don iska ta shiga ta ƙasa.

Leda, tsohon takalmi, taya, katifar soso, tsohon gidan sauro da batir, kada ɗayansu ya shiga murhu. Na san leda tana saurin tayar da wuta. Hayaƙinta guba ne, kuma tana barin danƙo a bututu.

Wanda ba a gani

Wannan sashe ku karanta wa wanda bai iya karatu ba. Hayaƙin da ke sa hawaye yana gargaɗi, mutum ya tashi ya fita. Akwai wata iska da wuta ke fitarwa idan ba ta samu isasshiyar iska ba, likitoci suna kiranta kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Gawayi da garwashi sun fi fitar da ita, wato daidai lokacin da ake ganin hayaƙi ya ƙare, wuta ta yi kyau. Idan aka shaƙe ta, tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 ko fiye, sai jiki ya rasa iska alhali mutum yana numfashi. Mai barci ba ya farkawa.

A murhu mai baki biyu haɗarin ya fi, domin garwashin da ke ciki na ɗaki biyu ne. Kina iya kashe taki wutar, maƙwabciya ta bar tata, gubar ta shigo miki kuna barci. Don haka gidajen biyu su yi yarjejeniya a fili: wa zai duba murhu kafin a kwanta, kuma ƙarfe nawa. A kwashe garwashi a fitar waje a kashe shi da ƙasa ko ruwa. Kada a toshe bututu da dare wai don ɗumi ya tsaya, muddin akwai ko ƙwayar garwashi ɗaya a ciki. Kada a shigo da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Mai son ɗumi ya hura da wuri, lakar murhu da bango suna riƙe zafi har cikin dare bayan an kwashe wutar.

Iyayenmu mata masu kula da mai jego, wannan ya shafe ku musamman. An saba ɗumama wa mai jego ɗaki, wasu har da wuta a ƙarƙashin gado. Jariri sabon haihuwa da mai ciki su ne suka fi saurin cutuwa da wannan iska. A ɗumama ɗakin ƙofa a buɗe, a fitar da wutar gaba ɗaya, sannan uwa da jariri su shiga. Ruwan wanka a dafa shi a waje.

Alamomin su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko amai, kasala, da rikicewar tunani. Sun yi kama da zazzaɓi ko mura, shi ya sa ake ruɗewa, wasu ma su ce iskokai ne. Abin lura shi ne, mutanen ɗaki ɗaya su kamu a lokaci guda, babu zafin jiki, kuma su ji sauƙi idan sun fita waje. Jaririn da ya ƙi nono, ya yi laushi, ko ya yi barcin da ba a saba gani ba a ɗakin da aka kwana da wuta, kada a jira gari ya waye.

Idan haka ta faru, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje nan take, sannan a buga wa ɗaya ɗakin ƙofa, domin su ma wataƙila suna ciki. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa, nono ko manja. A kai su asibitin sansani ko da sun ce sun warware, a faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa da wuta aka kwana. Kada kowa ya koma ɗakin sai an fitar da garwashin, iska ta ratsa sosai, kuma kada a sake hura murhun sai an gano abin da ya jawo.

Wanda ya gwada gyare-gyaren nan bai ga canji ba, ko tsoho ko mai rauni da ba shi da mai hau masa rufi, ya faɗa wa shugaban unguwarsa ko ya zo wurin sauraron koke-koke a rubuta lambar ɗakinsa. Idan murhun na gida biyu ne, ku zo tare, domin sai an shiga ɗakunan biyu kafin a iya gwajin.